Motar Dogo Ba Ta Ɗaukar Saƙon Fushi

Da an sallame Asuba, Malam Yakubu Dogo zai duba ruwa da mai, ya ja tsohuwar motarsa zuwa tasha a Gusau. Shekara talatin da ɗaya yana bin hanyar Tsafe zuwa Bilbis. Makon nan ya ajiye makulli, ido ya gaza.

Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, gidaje suka rabu biyu. Mata da yara suka yo Gusau, wasu Bungudu, suka raɓa a kangaye da gidajen dangi. Maza suka tsaya, don ba mai barin gona. Waya kuwa sai an hau tudu. Dogo ya zama tsakani. Ya kawo gero da kuka, ya koma da magani da labarin yaron da ya fara tafiya. Ƙa'idarsa ɗaya: ba ya kai saƙon fushi.

Bara da kaka, a gaban mutanen tashar Bilbis, wani manomi, Yusha'u, ya tare shi. Wata bakwai rabonsa da matarsa Huseina, an kuma ce masa birni ya yi mata daɗi.

"Dogo, ka ce mata in ba ta dawo jibi ba, to ta..."

"Kada ka ƙarasa. Buhu nake ɗauka, ba wannan ba. Shiga ka faɗa mata da bakinka."

"Ga dawa ban yanke ba."

"Dawa ba ta da ƙafa. Shiga gaba."

Ya kai shi har ƙofar kangon da matarsa ta raɓa a Gusau. Suka iske Huseina cikin rana tana surfen mutane, hannu duk kanta, yara huɗu suna makaranta. Geron da Yusha'u ya aiko ta ware kwano uku ta rataye, don ko an ƙone rumbu kada a rasa iri.

Ta ce, "Malam, lafiya? Wane saƙo ne Dogo ya kasa kawowa?"

Yusha'u ya ce, "Yara na zo gani. Ba ni ruwa."

Auren yana nan, shi can, ita nan.

Kai ne, Dogo, direban da ya san nauyin magana. Ba ka da ofis, ba ka da lambar yabo, amma gidaje da yawa a tsaye suke saboda kai. Mun gode, Allah ya saka. Ku matasan da kuka gaji hanyar, ku koya: in mutum ya ba ku magana da zafinta, ku bar ta nan, ku ɗauko mai ita.