Ranar da Na Ratsa Ƙauyen Kakata da Gudu

A shekarar da rigimar gonaki ta yi zafi a wajen aikin madatsar ruwa ta Bakolori, na yi hutun ƙarshen shekara a Fatakwal, wurin yayana da ke aiki a tashar jiragen ruwa. A lokacin ni malamin firamare ne a Talata Mafara, saurayi, ba mata ba ɗa, kuma tun ina kwaleji aka san ni da gudu. Mako huɗu na yi a can ban zauna wuri ɗaya ba. Na koyi tuƙa kwalekwale, na sha ruwan gishiri har na iya iyo, kullum da yamma ina buga ƙwallo a kan yashi da leburorin tashar. Na dawo gida damatsa sun cika, ina ji a raina duk jihar Sakkwato ba mai shan gabana.

Ina dawowa na tarar da saƙon jami'in wasanni na yankinmu. Za a yi gasar jiha da bazara, akwai gudun dogon zango, mil goma sha uku, kuma mutum ɗaya tak za a ɗauka daga wajenmu. Mu biyu ke nema: ni da wani dogon Bafulatani daga Bakura wanda ya tashi a bayan shanu. Jami'in ya ce kowa zai yi gudunsa a ranarsa, shi zai bi a babur da agogo, wanda ya fi sauri shi zai tafi. Ina son gurbin nan kamar me. Na gaji da alli, kuma an ce wanda ya yi abin kirki a gasar ana iya mayar da shi aikin wasanni a Sakkwato.

Ban taɓa wuce mil uku ba a rayuwata. Ranar farko da na fita, cika bakin da na zo da shi daga kudu ya ƙare a mil na huɗu. Iskar can jiƙaƙƙiya ce, ta nan kuwa sai ka ji ana kankare maka maƙogwaro. Ƙarfin da na tara na tuƙin kwalekwale ne, duk a kafaɗa yake, nauyi kawai ya ƙara mini. Na durƙusa a gefen hanya na yi amai, na koma gida da tafiya ina jin haushin kaina da na yayana da ya yi ta ɗura mini kifi.

Wata biyu na yi ina fita bayan sallar asuba, da singileti da gajeren wando da takalmin kambas. Nakan bi jar hanyar da aka shimfiɗa a gefen sabuwar magudanar ruwa, wadda ta miƙe wajen Maradun. Duk mako ina ƙara nisa kaɗan, in kai inda zan kai in juyo. Hagu da dama katafila ta baje gonaki, an tumɓuke ɗorawa da kanya, mutum ba ya gane inda gonar ubansa ta tsaya. Wasu safiyoyin nakan tarar manoma sun gindaya itace a hanya don tare motocin aikin. Ni dai sai in tsallake in wuce, don ba abin da ke kaina sai numfashi da sharaɓata.

A kan wannan hanyar, wajen mil goma daga gari, ƙauyen su mahaifiyata yake. Kakata na can tare da Kawu, ƙanen mahaifiyata. Ana saura mako ɗaya gwajina na hau keke na je gaishe su. Kaka ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wanga miji nau ya rame awa kara. In ba ka iya ci da kanka, ni sakin ka ni kai." Na ce ai ita ce ta daina yi mini fura. Kawu kuwa bai yi dariya ba. Ya ce garin ba a barci da ido biyu, kullum jiran motocin kame ake yi. Sun sa masu gadi a bakin hanya, an kuma yi shiri: wanda ya hango wani abu ya tuɓe rigarsa ya yar, ya sheƙo da gudu, kowa ya gan shi haka ya san ta ɓaci, mata da yara su yi fadama. Na ce Allah ya kyauta. Na ji maganar da kunnena, amma hankalina na kan wani tsami da nake ji a gwiwa.

Ni da kaina na zaɓi hanyar gwajin, saboda a miƙe take ba tudu. Daga bakin gari zuwa wata gada da ke gaba da ƙauyen, mil goma sha uku cif. Ban aika wa Kawu ba, ko tunanin haka ban yi ba. Mutumin Bakura ya riga ya yi nasa, jami'in kuma ya ƙi faɗa mini lokacinsa.

Muka tashi rana na fitowa. Ina gaba, daga ni sai gajeren wando, ko singileti ban sa ba, jami'in na bayana a babur, sanye da kaki da hular kwano. Har mil takwas ƙafafuna na yi mini biyayya. A mil na tara na fara rage gudu, sai na ji ya ɗaga murya a kan ƙarar babur, "Kana gaban na Bakura, amma da kaɗan! Kak ka sassauta!"

Wasu mata ne masu wanki a bakin magudanar suka fara hango mu. Ɗaya ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, suka watsar da kayan suka yi cikin gari. Kafin in kai rumbunan farko garin ya ɗauka. Mata da goyo, awaki, tsofaffi da sanduna, kowa ya nufi fadama, wani na faɗuwa wani na tsallake shi. A nan na gane abin da suke gani: mutum ba riga yana gudu iya ƙarfinsa, mai kaki na biye da shi a babur. 

Abin da ya kamata in yi ba wuya gare shi. In tsaya, in ɗaga hannu, in taka a hankali in yi sallama. Minti biyu ya isa, amma minti biyun nan su ne gurbina. Na ɗaga hannu ina kaɗawa, ina son in ce ba komai, numfashin da zan faɗa da shi babu, su kuwa suka ɗauka cewa nake su ƙara mai. Ta gefen ido na ga wata mai baƙin zane ta faɗi kusa da wani rumbu ba ta tashi ba. Na kawar da kai. Ban so in san ko wace ce ba, na ci gaba da gudu.

A kan gadar jami'in ya danna agogo ya rungume ni, ya ce ni zan tafi Sakkwato. Shi baƙo ne, bai fahimci komai ba, har yana cewa mutanen ƙauye da tsoron babur suke. Na ce ya wuce, ni ina da 'yan'uwa a nan. Na aro riga wurin wani mai gyaran keke, na koma ƙauyen da ƙafa.

Na tarar mutane sun fara dawowa, ba wanda ya amsa sallamata da kyau. Ƙofar gidan Kawu a cike, an riga an kira maɗori. Mai baƙin zanen nan Kaka ce. Ƙashin ƙugunta ya karye, kuma daga ranar ba ta sake takawa ba har ta bar duniya bayan damina biyu. Na je Sakkwato, na zo na tara, ban sake shiga wata gasa ba.

Kawu ya tare ni a zaure. Na zaci zai mare ni, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Na fara cewa ban san za ta ruga fadama da shekarunta ba.

Ya ce, "Wace hwadama? Ba can tan nuhwa ba. Kai tag gane tun daga nesa. Taɓarya tad ɗauka, wai ta tare mai babur."

Na shiga ɗakin. Tana kwance a kan tabarma, gumi ya jiƙa mata fuska. Da ta ji motsina ta miƙo hannu ta shafa kaina da kafaɗuna da bayana, tana neman inda aka doke ni.

Ta ce, "Bai cim maka ba ko?"

Na ce, "Bai cim mini ba, Kaka."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi," ta lumshe ido.