Kaurar Iya da Rediyon Baffa Iro

Duk wanda ya ce tatsuniya wasan yara ce, bai zauna gaban Iya ba. Kakarmu ce, mahaifiyar babanmu, kuma a gidanmu na Ƙarfi ita ke da madafi da duk abin da ke rataye a cikinsa. Da an ci tuwon magariba sai mu jikoki mu kewaye murhu, tana tura kara a wuta tana tsokanarmu. Ni take kira mijinta rago, wai ko gishiri ban taɓa cefano mata ba.

A saman kanmu, jikin jinka, akwai ƙullin zangarniyar dawa kaura. Iri ne. Tun a gona take zaɓar masu nauyi, ta rataye su inda hayaƙi zai hana ƙwari ci. Daga gidan ubanta a Maska ta zo da kaurar nan, iska ba ta kwantar da ita, tuwonta kuma sai wanda ya ci. Ko a bazarar da muka yi ta shan kunu tsululu, ba wanda ya isa ya miƙa hannu sama.

Sai Baffa Iro, autanta, ƙanin babanmu. Mutum ne da in idonsa ya faɗa kan abu, ba ya barci sai ya ji shi a hannunsa. Wata ranar kasuwar Kafur ya dawo da rediyo a kafaɗa, yana taƙama. Ashe irin Iya ya sauke ya yi musaya da shi, saura kaɗan ruwa ya sauka. Don kada a gane, ya ɗebo dawar rumbu, ya shafe ta da baƙin kunkunniyar jinka, ya rataye. Shashasha! Hayaƙi a hankali yake shiga zangarniya, ba ya goguwa. Iya na taɓawa hannunta ya yi baƙi ƙirin.

Ba ta yi ihu ba. Da yamma ta aika aka kira shi, wai ya zo ya sa mana rediyo mu ji. Yana zama ta ce, "Kashe abin nan. Ga ta nan tafe, ta ɗauko kayanta."

Haka take buɗe tatsuniya. Muka ce, "Ta sauke mu gani!"

Wai dabbobin dawa ne suka haɗa irin gyaɗa suka ba kurege ajiya. Kullum sai ya ce bari ya ɗanɗana ɗaya ya ji ko ba ta lalace ba. Yau ɗaya, gobe ɗaya, har tukunya ta zama wayam, sai ya cika ta da tsakuwa. Da ruwa ya sauka aka shuka tsakuwa. Kowace safiya kurege ne kan gaba wajen zagin ƙasa, wai ta cinye musu iri. Da asiri ya tonu aka kore shi, shi ya sa har yau yake bin shukar mutane yana tono, yana neman abin da ya riga ya zuba a cikinsa.

"Ƙurunƙus," in ji ta, "na sauke ta a kan mai ita."

Ba wanda ya yi dariya. Baffa Iro ya ce, "Iya, da ni kike?"

"Da kurege nake. Kai kurege ne?" Ta ɗaga masa tafin hannunta, baƙin bai fita ba. "Ni na haife ka, amma wallahi ban san irin wa ka ɗauko ba. Tashi ka ba ni wuri."

A shekarar irin kasuwa aka shuka, iska ta kwantar da rabin gonar. Abin da ya rage na kaurar Maska zangarniya ɗaya ce da ta maƙale a jinka, Baffa bai gan ta ba. Ita ce Iya ta shuka a bayan ɗaki. Damina ta bi damina tana shukawa tana rataye abin da ta samu, ko ƙwara ba ta kai turmi ba. Muna kuka muna son tuwon kaura, ta ce mu ci hayaƙinsa. Kafin iri ya ishi gona, Allah Ya yi mata rasuwa. Ba ta sake cin tuwon kaurar ubanta ba. Rediyon kuwa ko kaka bai kai ba ya mutu.

Yanzu ni ke riƙe da irin. Mutane na cewa haƙuri sanyin hali ne, ni dai wanda na gani wajen Iya zafi gare shi: ciki na kuka, abinci na saman kanka, ka kau da kai.

Bara ɗan Baffa Iro ya zo a babur, wai babansa ya tsufa, yana marmarin kaurar Iya, a taimaka musu da iri. 'Yan uwa suka ce in manta, abu ya wuce. Ban manta ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na huce ba. Amma iri na Iya ne, shi ma ɗanta ne.

Na ce masa, "Ka gaya wa Baffa zan ba shi. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ku sare ramuka ku jira ni. Ni zan zuba da hannuna in rufe da ƙafata."

Ya ce, "Haba Yaya, ba za ka ba mu a mudu ba?"

Na ce, "An taɓa ba kurege ajiya."