Keken Ɗinkin da Aka Ba Inna a Hoto

Shekarar da kwanon shinkafa ya fi ƙarfinmu, Inna ta sayar da keken ɗinkinta. Da shi take riƙe mu, mu biyar, tun rasuwar Baba, a gidan haya a Kwaciri. Amma wanda bai ci ya ƙoshi ba ina zai tuna da ɗinki? Matan da suka saba yanko atamfa a Kantin Kwari sun koma kawo tsofaffin kaya a yi musu faci. Kuɗin keken bai yi wata uku ba muka cinye shi a garin masara da kuka.

Maƙwabciyarmu, wata Bayarabiya mai sayar da manja, ita ta shigo da labarin.

"Inna, wani Alhaji mai neman kujera zai raba wa matan da mazansu suka rasu kekunan ɗinki a Sabon Gari. Na sa an rubuta sunanki."

Ni na raka ta, a matsayina na babbar 'yarta. Tun da hantsi muke tsaye a wani fili, Hausawa da Yarabawa da Ibo, ba rumfa ba ruwan sha. Sai bayan azahar Alhajin ya iso, ƙanshin turarensa ya riga shi.

Aka kira Inna. Ta ɗora hannu a kan sabon keke, ta juya ƙafarsa a hankali, idonta ya ciko.

"Hajiya, ɗan yi murmushi mana," in ji mai ɗaukar hoto.

Ta yi. Aka kara mata waya a baki, ta yi wa Alhajin addu'a har da iyayensa. Sai wani mai babbar riga ya ce, "To, matsa gefe." Ya kira wata mata 'yar Ibo, ya tsayar da ita a jikin wannan keken dai. Bayanta wata. Bayanta wata.

Da aka tashi, a gaban idonmu aka loda kekunan a a-kori-kura. Kowace mace aka miƙa mata leda: taliya biyu da sabulu.

Na sha gaban mai babbar rigar. "Malam, ina keken uwata?"

"Har gida za a kawo muku."

"Ka san gidan namu?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke, ba a koya miki ladabi ba?"

Inna ta ja mayafina. A ƙafa muka dawo Kwaciri, don kuɗin adaidaita ya ƙare tun zuwa.

Ba a kawo komai ba. Abin da ya zo shi ne hoton, manne a bangon bakin titi, Inna tana murmushi. Kawunmu da yake aiko mana da masara daga ƙauye ya gani a waya, ya kira ta.

"Alhamdu lillahi, Yaya, na ga Allah ya buɗa. Bari in juya wajen masu buƙata."

Ta kasa gaya masa gaskiya, kunya ta hana ta. Ni na karɓi wayar na gaya masa. Ya ce zai duba. Masarar ba ta ƙara zuwa ba.

Inna ta koma ɗinkin hula da hannu har idonta ya fara hazo. Tana cewa in bar wa Allah. Na bar masa, amma ban yafe ba. Yunwarmu suka ara suka yi ado da ita, ko na gode ba su ce ba.