Buhun hatsin gidan tarihi

Shekarun baya, zamanin sojoji, a shekarar da damina ta ƙi, aka buɗe wani ɗan gidan tarihi a Tasawa. Ni aka ɗauko daga lakwal, wato makarantar boko, in kula da shi. Ɗaki uku ne, cikinsu akwai masaƙa, zugazugin maƙera, tukwanen rini, sai dutsen niƙa. Dokar gidan ita ce baƙo ya taɓa komai, ya gwada da hannunsa. Don haka aka ajiye buhun hatsi kusa da dutsen, aka gargaɗe ni cewa lalle ya kai ranar da kwamandan, sojan da ke mulkin garin, zai zo, don shi ma zai niƙa. In ba haka ba, aikina ya tafi.

Ni kuwa lokacin littattafan soyayya na kasuwar Maradi sun cika min kai. Kullum ina jiran wata kyakkyawa ta shigo, ta durƙusa gaban dutsen, in gyara mata riƙo, idanunmu su haɗu.

Mata sun zo, ba laifi. Ta farko ita ce gwaggona daga Korgom, wadda ta fara niƙa tun ba a haifi babana ba. Ta tsaya ta riƙe haɓa, ta kira ni yadda ake kiran malaman lakwal.

"Mushe, wanga dutse mi aka yi da shi?"

"Gwaggo, don Allah."

"A'a, ba kai aka sa ka koya muna ba? Koya mini."

Na zuba mata ɗan kaɗan. Ta niƙe, ta ce ba ta gane ba, a ƙaro. Ta share garin cikin gefen zane ta fita. Kashegari ta dawo da mata shida, wai duk ba su taɓa ganin dutsen niƙa ba. Masaƙa ko kallo ba ta ishe su ba. Na yi faɗa, na ɓoye buhun bayan ƙofa, gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ilimi kaka hana ma mutane?" In na dubi wuyan yaran da ke goye a bayansu kuma, sai in ga hannuna ya koma cikin buhun. Haushin kaina ya fi nasu.

Ranar da kwamandan ya zo, ko tiya ɗaya babu. Ina tsaye gaban dutsen, sai ga gwaggo da ƙwarya cike da busasshiyar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake ci in yunwa ta kai. Ta juye kan dutsen.

"Ina hatsin?" in ji kwamandan.

"Ranka shi daɗe," in ji ta, "kun ce a gwada yadda kakanninmu suka rayu. Shekara irin wagga, wanga suka ci."

Ya durƙusa ya niƙa, ya ɗanɗana, fuskarsa ta yamutse. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in rubuta sunan abin a allo.

Ba a kore ni ba, amma ba a sake kawo buhu ba, kuma daga ranar ba wadda ta sake sha'awar tarihi. Na yi wata takwas ina share ɗaki ni kaɗai.

Yanzu na san cikin mutum ake fara cikawa kafin a nuna masa kakanninsa. Duk da haka abin na ci min rai, don har gwaggo ta rasu, duk bikin da muka haɗu sai ta nuna ni ta ce, "Ga malamina, shi ya koya mini niƙa."