Mai Wasa da Biri a Gaban Kejin Jalu

Imas na wanke kwanukan birai a gidan kula da namun daji ta hango shi: wani tsoho siriri, tsaye gaban kejin wani biri mai suna Jalu, yayyafi na jiƙa masa baƙar hula. Takalmansa duk jar laka, da alama da ƙafa ya hawo dutsen daga gonakin shayi. Wuyan hannunsa ya yi kanta, irin ta wanda ya daɗe yana naɗe sarƙa. Ba sai an faɗa mata ba, cikin masu wasa da biri a titunan birnin Bandung ne, waɗanda hukuma ta ƙwace wa dabbobi.

Ya zuba wa Jalu ido. Yatsunsa ne kawai ke kiɗan wasan biri a cinyarsa, shi kansa bai sani ba.

Jalu ya saki reshe, ya miƙe kan ƙafa biyu, ya sara masa kamar soja, sannan ya miƙo hannu yana bara.

"Haba, Baba!" in ji Imas. "Shekara biyu muna mantar da shi wannan! Wata mai zuwa fa aka so a sake shi daji."

Tsohon ya cusa hannayensa a hammata. "Yi haƙuri, 'yata. Ni ma wasan nan kaɗai na iya."

Jalu na nan tsaye, hannu a miƙe, yana jira.