Tulun zoɓonmu na Guangzhou

Ina tsugune a ƙofar gidanmu a unguwar Panyu, na zage zan dirji tulun ƙarfe da yashi da soson waya, sai wata tsohuwa 'yar China, maƙwabciyarmu, ta ƙwalla ƙara ta riƙe min hannu.

Azumin shekarar da aka yi Olamfik a China ne. Mun sayo tulun silba don zoɓon buɗa-baki, amma jikinsa duk ƙura da danƙon takardar kamfani. Ga shi irin wanda ake zuba giya ne, ga Alhaji Garba, dattijon 'yan kasuwarmu na Kano, zai sha ruwa a wurinmu. Ni kuwa wankin gindin tukunya irin na gida kawai na sani.

Ta ƙwace soson, ta kawo ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi. Da ya bushe ta ɗiga man gyaɗa, ta nuna min in riƙa shafawa ta gefe guda. "Shiye-shiye", wato "na gode" da yarensu, kawai nake jera mata.

Dab da magariba Alhaji ya shigo, ya tsaya cak.

"Kai Bashir, wannan ba tulun mashaya ba ne?"

"Sabo ne dal, Baba Alhaji. Zoɓo ne ya fara shiga cikinsa."

Ya sunkuya zai duba, sai ya ga fuskarsa tar a jikin tulun. Ya gyara zaman hularsa, ya miƙo kofi.

"To, wannan dai ya musulunta. Ana kiran sallah ka fara zuba min."

Da an bar ni da yashin nan, da tulun ya kakkarce kamar tsohon na mashaya, da wa'azi zan sha maimakon zoɓo. Ku wace dabarar gida ce ta kusa ba ku kunya a ƙasar mutane?