Mai Kashe Taurari

Gardamar farko da Kashe-Wuta ta sha kaye a cikinta, tana 'yar shekara bakwai aka yi ta.

Gidansu gidan masu hura taurari ne, can a unguwar da ke saman gajimare. Sana'ar gado ce: a sauko da tauraro daga maratayinsa, a goge, a hura ya kama, a mayar. In yaro ya kai bakwai, sai a ɗora masa ɗan garwashin tauraro a faranti ya gwada bakinsa. Yayanta da ya hura nasa, sai da girar babansu ta babbake, aka yi ta murna. Ita kuwa tana hurawa, fus! Ko hayaƙi bai tsaya sallama ba.

"Jiƙaƙƙe aka ba ni," in ji ta, ta kama ƙugu.

"Jiƙaƙƙe a gidan wuta?" in ji goggonta. "Ungo wani."

Fus.

"Iskar taga ce."

Goggo ta rufe taga, ta miƙo na uku. Fus.

"To uwar iyayi, saura ki ce farantin ne ke miki hassada."

Ranar aka laƙaba wa yarinya Kashe-Wuta, sunan kuwa ya manne mata har yau.

Baban ya ce in ta cika takwas ba ta kunna ko ɗaya ba, za a kai ta wurin dangin uwarta masu saƙar gajimare, ta zauna can. Ita kuwa duk duniya ba inda take so sai ɗakin taurarin nan mai tsani da ƙugiyoyi. Me ba ta yi ba? Ta tauna barkono, ta kurɓi tafasasshen ruwa, wai numfashinta ya yi zafi. Leɓe ya kumbura, garwashi bai fasa mutuwa ba.

Akwai aikin da kowa ke gudu a gidan: kashe taurari da safe, don kar su cinye su zama toka. Da jiƙaƙƙen tsumma ake yi. Hannu ya ƙone, kuma kullum sai biyu ko uku sun tsage, wanda ya tsage ba ya sake kamawa.

Safiyar da za a tafi da ita, an riga an ɗaure mata ƙunshin kaya, sai babban tauraron gidan, wanda kakansu ya fara hurawa, ya suɓuce daga ƙugiya ya gangaro tsakar ɗaki yana ci bal-bal. Tabarma ta kama. Baban ya suri bokiti ya tsaya cak: ya zuba, tauraro ya tsage, ya bari, gida ya ƙone.

Yarinya ta ajiye ƙunshi, ta durƙusa, ta tattara duk haushin shekara guda ta hura.

Fus. Ga tauraro kwance, sanyi ƙalau, ko tabo babu. Ta taɓa shi, ta dubi tafin hannunta, ta dubi goggo. Goggo ta hau kwance ƙunshin kamar dama ita ta hana tafiyar.

Shekara arba'in ke nan tana hawa tsani kowace safiya. Ta san mai taurin kai, ta san wanda sai an lallaɓa, ba wanda ya taɓa tsagewa a hannunta. Mijinta dai, bawan Allah, shi ke hura musu murhu, kuma bai taɓa shan shayin da ta fifita masa da baki ba.

Kwanaki yayan nata, da furfurarsa da komai, ya tara jikoki yana cika baki.

"Mu ke haska sama. Ƙanwata kuwa, ɓata mana aiki kawai ta iya."

Tana goge ƙugiya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yaya, wanda na kashe da safe shi kake kunnawa da yamma. In huta gobe, mu ga yadda ake hura toka?"